OK: Shaƙiyancin 'Yan Jarida Da Ya Zama Kalmar Duniya

Direban tasi a Alƙahira yana faɗinta. Mai shayi a Mumbai yana faɗinta, haka matuƙin jirgin sama idan yana magana da hasumiyar filin jirgi, haka ɗan acaɓa a Kano idan ciniki ya faɗa. A bakinmu ta koma "oke", har mukan jera ta da tamu mu ce "to, oke". Tsohuwar da ba ta taɓa taka ƙofar makarantar boko ba sai ka ji tana sallama da jikanta a waya tana cewa "oke, Allah ya yi albarka." Ba wanda yake jin cewa aro ya yi. Amma tambayi mai faɗinta abin da O da K ɗin suke nufi, sai ya yi shiru, ko ya kawo maka wani labari da ya tsinta a Facebook.

Amsar tana nan a rubuce, da ranarta da shafinta, sai dai ba ta da kwarjinin da mutane suke so. Kalmar da ta fi kusan kowace kalmar Ingilishi yawo a duniya raha ce ta 'yan jaridar birnin Boston a Amurka, kuma rahar ma ba ta kirki ba: kuskuren rubutu ne da aka yi da gangan don a yi dariya.

Yayin gajarta magana

A tsakiyar shekarar 1838 wani yayi ya kama samarin Boston masu ilimi da jaridun garin, yayin mayar da magana haruffan farko. Idan ana so a zolayi manyan gari sai a rubuta O.F.M., daga "our first men". Abin da ba zai yiwu ba N.G. ne, "no go". Abin da bai taka kara ya karya ba S.P. ne, "small potatoes", ƙananan dankali. Wanda bashi ya yi wa katutu ya cika wandonsa da iska kuwa G.T.T. ya yi, "gone to Texas", ya tafi Texas, wadda a lokacin ƙasa ce mai zaman kanta, ba ta riga ta shiga tarayyar Amurka ba, hannun mai bin bashi bai cika kaiwa can ba.

Da wannan ya fara gundurar su sai suka ƙara masa gishiri. Za a fara ɓata rubutun kalmomin tukuna, kamar yadda wanda bai yi karatu mai zurfi ba zai rubuta su, sannan a gajarta. "No use", ba amfani, sai ta koma "know yuse", aka samu K.Y. "All right" ta koma "oll wright", aka samu O.W. Daɗin wasan shi ne mai karatu ya yi ta lalube, sai an warware masa ya gane cewa haruffan ba su ma dace da kalmomin ba. Kamar a ce wani malamin Hausa ya tashi gajarta "ba komai", maimakon B.K. ya rubuta B.Q., don ya nuna wai bai iya rubutu ba alhali kowa ya san shi ke koyar da shi.

A cikin wannan hayaniya OK ta fito. Ranar Asabar, 23 ga Maris, 1839, jaridar Boston Morning Post ta buga wani ɗan rubutu a shafi na biyu tana tsokanar wata jarida ta garin Providence. Editanta a lokacin Charles Gordon Greene ne, kuma shi ake danganta wa rubutun. Maganar duk a kan wata ƙungiyar 'yan raha ce mai suna Anti-Bell-Ringing Society, wadda aka kafa a ƙarshen 1838 saboda wata dokar birnin da ta hana kaɗa ƙararrawar kiran mutane cin abinci. Sunan ƙungiyar yana nuna adawa da kaɗa ƙararrawa, alhali dokar hanin suke yi wa ba'a. A tsakiyar wata doguwar jimla game da tafiyar da 'yan ƙungiyar suka yi zuwa New York, sai ga ƙananan haruffa biyu, o.k., kuma nan take marubucin ya fassara su da kansa: "all correct", komai daidai. A da C ya kamata a gani. An rubuta O da K ne saboda an ɓata kalmomin zuwa "oll korrect". Komai daidai, amma rubutun nasa ba daidai ba. Rahar ke nan, ba ƙari.

Kafin shekarar ta ƙare ta bayyana a jaridun New York da Philadelphia da New Orleans, galibi da fassararta a gefe, alamar cewa jama'a ba su riga sun saba da ita ba. Bisa ga al'adar yayi, nan ya kamata labarinta ya tsaya. K.Y. ta mutu, O.W. ta mutu, yau ko Ba'amurke ka tambaya bai san su ba.

Siyasa ta ceto ta

Abin da ya raba OK da 'yan'uwanta sa'a ce tsagwaronta. A 1840 Amurka ta shiga zaɓen shugaban ƙasa, kuma mai neman tazarce shi ne Martin Van Buren na jam'iyyar Democrat, shugaba na takwas. An haife shi a wani ƙaramin gari mai suna Kinderhook a jihar New York, garin zuriyar 'yan Holland, har shi kansa da harshen Holanci ya tashi kafin Ingilishi. Magoya bayansa suna yi masa laƙabi da Old Kinderhook, Dattijon Kinderhook. Haruffan farko: O da K. Ɗan siyasa ba ya ganin irin wannan ya wuce. A watan Maris na shekarar aka kafa O.K. Club a New York, kuma 'ya'yanta ba wasu masu zaman shawara ba ne, 'yan bangar siyasa ne da ba su ƙi su kutsa taron abokan hamayya suna ihun "O.K." ba. Saƙon a fili yake: O.K. ɗinmu OK ne.

'Yan jam'iyyar Whig, masu goyon bayan Janar William Henry Harrison, ba su bar musu fagen ba. Tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe tun 1837, bankuna sun rufe, mutane sun rasa aiki, saboda haka suka juya haruffan suka ce ai ma'anarsu "Out of Kash", kuɗi sun ƙare, ko "Out of Kredit", ba mai ba shi bashi, ko "Orful Katastrophe", mummunar masifa, duk da irin wancan gurɓataccen rubutu. Wanda ya fi kowa ɓarna shi ne James Gordon Bennett na jaridar New York Herald. Ya ƙaga labari cewa tsohon shugaba Andrew Jackson, ubangidan Van Buren a siyasa, bai iya haɗa baƙi ba, shi ya sa idan ya duba takarda ya amince sai ya rubuta O.K. a kai, a zatonsa da haka "all correct" take farawa. Sharrin siyasa ne, amma ya zauna daram. Shekaru gommai Amurkawa suka yi suna maimaita shi a matsayin tarihi, kuma ya koya wa mutane wani sabon amfani da kalmar: a rubuta ta a kan takarda don nuna an duba an yarda.

Van Buren ya sha ƙasa, ya samu ƙuri'un wakilan zaɓe 60, Harrison ya samu 234. Harrison ɗin ma bai more ba, wata guda ya yi a kan mulki ya rasu a Afrilun 1841. Haruffan biyu ne suka ci ribar zaɓen, don zuwa lokacin babu lungun da ba a ji su ba.

Sai kuma ga wayar tangarahu. A 1844 Samuel Morse ya aika saƙo daga Washington zuwa Baltimore, kuma cikin 'yan shekaru wayoyi suka bi layin dogo suka ratsa ƙasar. A wannan sana'a kowane harafi lokaci ne, lokaci kuma kuɗi. Ma'aikacin da ke buƙatar ya sanar da na can nesa cewa saƙo ya iso lafiya, ko jirgin ƙasa yana iya wucewa, ya samu abin da yake nema a cikin haruffa biyu. Daga nan OK ta tuɓe rigar raha ta shiga ofis, ta hau takardun kaya da rasitai. Marubutan adabi sun daɗe suna ƙyamarta, suna ganin ta maganar 'yan kasuwa da marasa karatu, amma ba da izininsu ta yaɗu ba.

Masu nema mata dangi

Da kalma ta yi suna sai aka manta da Boston, kowa ya fito yana cewa 'yarsa ce. Girkawa suka ce "ola kala" ce, komai lafiya, wai ma'aikatan jirgin ruwansu ne suka kai ta. Mutanen Sikotland suka ce "och aye" ce tasu. Wasu suka ce sunan tashar jirgin ruwa ta Aux Cayes ce a Haiti, inda ake ɗauko barasa mai kyau. Aka ƙirƙiro wani ma'aikacin jirgin ƙasa Obadiah Kelly da ke sa haruffan sunansa a kan kaya, da wani mai yin biskit Orrin Kendall da sojoji suke yaba wa kayansa. Labarin da ya fi yawo a wayoyinmu yau shi ne na yaƙin basasar Amurka: wai idan sojoji suka dawo ba a kashe kowa ba sai su rubuta "0 killed", sifili da K. Labari ne mai daɗin ji, amma yaƙin a 1861 aka fara shi, shekara 22 bayan kalmar ta fito a jarida.

Da'awar da ta fi samun gindin zama ita ce ta Choctaw, ɗaya daga cikin ƙabilun da Turawa suka tarar a Amurka. A harshensu akwai "okeh", wadda ake rufe magana da ita da ma'anar "haka ne". A 1885 wani farfesa a Jami'ar Alabama, W. S. Wyman, ya ce daga nan OK ta fito, wai Jackson ne ya koye ta a wurinsu lokacin da suka yi yaƙi tare. Shugaba Woodrow Wilson, wanda kafin siyasa shugaban Jami'ar Princeton ne, ya gamsu da haka har yakan rubuta "okeh" a kan takardun da ya amince da su. A 1918 aka kafa kamfanin faifai mai suna Okeh, wanda daga baya ya naɗi kiɗan Louis Armstrong. Abin takaici a gefen wannan labari: Jackson ɗin da aka ce ya ari kalmar Choctaw shi ne ya sa hannu a dokar 1830 da ta tashe su daga ƙasar kakanninsu zuwa yamma, yankin da yau ake kira Oklahoma. Sunan jihar daga harshensu ne, ma'anarsa jajayen mutane, kuma gajeren sunanta a gidan waya OK ne. Wannan dacewa ce kawai.

Wanda ya kwance ƙullin shi ne Allen Walker Read, farfesan Ingilishi a Jami'ar Columbia, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana bin sawun kalmomi har ya rasu a 2002 yana da shekara 96. A 1941 ya buga bincike yana danganta kalmar da O.K. Club na 1840. Da shaida ta nuna cewa ta girmi kulob ɗin, sai ya koma ɗakunan ajiye jaridu yana buɗe su shafi-shafi, a zamanin da babu kwamfutar da za ta tace masa. Sakamakon ya fito a jerin maƙalu a mujallar American Speech a 1963 da 1964. Bai tsaya ga nuna rubutun 23 ga Maris ba. Ya tono dukan yayin, da O.W. da K.Y. da sauransu, ya nuna yadda OK ta bi daga jarida zuwa jarida, sannan ya bi kowace da'awa ya nuna lokacin da aka ƙirƙire ta. Tun daga nan manyan ƙamusoshin Ingilishi suka bi bayansa.

To, maganar Afirka fa?

Wannan ce ta shafe mu, kuma ita ce ta fi wuyar yanke wa hukunci da zuciya ɗaya. A wajen 1969 zuwa 1971 wani masanin harsunan Afirka ɗan Birtaniya, David Dalby, ya kawo ra'ayin cewa bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka kai kalmar Amurka. Ya kafa hujja da "waw kay" ta Wolof a Senegal, wadda take nufin "e, ƙwarai", da "o ke" ta harsunan Mande, mai nufin "haka ne". Akwai kuma rubuce-rubucen Turawa na kafin 1839 da suka kawo bayi suna furta wani abu mai kama da haka. Kuma ba laifi ba ne a yi wannan zato, don an daɗe ana danne gudummawar baƙar fata ga Ingilishin Amurka. Sunan kuɓewa a can, "okra" da "gumbo", duk daga Afirka suka je, haka "goober" da ake kiran gyaɗa da ita a kudancin ƙasar.

Duk da haka, a ganina hujjar Boston ta fi nauyi nesa ba kusa ba. Wanda ya fara buga kalmar ya faɗi ma'anarta da kansa, a cikin garin da ake tsakiyar irin wannan wasa, ga kuma yayarta O.W. da ta riga ta fitowa da ma'ana kusan ɗaya. Masu ra'ayin Wolof da masu ra'ayin Choctaw ba su iya nuna hanyar da kalmar ta bi daga gonakin kudu zuwa teburin edita a Boston ba. Abin da hankali zai ɗauka shi ne, mutumin da ya taso da "waw kay" ko "okeh" ko "och aye" a kunnensa, da ya ji OK bai ji baƙon abu ba, sai ya karɓe ta hannu biyu. Wannan taimako ne wajen yaɗuwa, amma ba shi ne haihuwa ba.

Mu ma mun san wannan tarko na kamannin sauti. Shekara da shekaru ana koyar da cewa "boko" daga "book" ta fito, har a littattafan masana, don kunne ya yarda kuma ma'ana ta yi kusa. Sai a 2013 Farfesa Paul Newman, wanda ya yi shekaru yana nazarin Hausa har ya koyar a Kano, ya nuna cewa boko tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin algus ko abin da ba na gaske ba, irin ta "amaryar boko", kuma da ita kakanninmu suka yi wa karatun Nasara shaguɓe. Haka labarin da ake bayarwa cewa "Hausa" daga "hau sa" ne. A hira yana da daɗi, amma ba a kafa tarihi da shi.

Ba yabo, ba fallasa

Sa'a ta ceci OK daga mutuwa, amma ba sa'a kaɗai ta kai ta ko'ina ba. Sautukanta uku, o da k da e, da wuya a samu harshen da ba shi da su ko makusantansu, saboda haka Bajapane da Balarabe da Bahaushe duk suna furta ta ba gargada. A ido ma tana da kama: harafi ɗaya zagayayye, ɗaya mai tsini, ko daga nesa ana gane su. Allan Metcalf, wanda ya rubuta littafi sukutum a kanta a 2010, ya yi wannan lura, har ya ba da shawarar a riƙa tunawa da 23 ga Maris a matsayin ranar kalmar.

Babban sirrinta dai yana cikin ma'anarta. OK tana amincewa ba tare da ta yaba ba. Idan Bature ya ce abinci OK ne, bai ce ya yi daɗi ba, bai ce bai yi ba. Dama-dama ke nan, ba yabo ba fallasa. Idan wanda mota ta buge ya ce shi OK ne, yana nufin da sauƙi. Tana zama amsa, tana zama tambaya, tana zama aiki idan shugaba ya sa hannu a takarda, tana buɗe magana, tana rufe ta. Ingilishi yana da kalmomin yabo birjik da na kushe birjik, amma yana da ƙarancin na tsakiya, sai ta zauna a wannan gurbi.

Mu Hausawa ba mu da wannan giɓi, don muna da "to", kuma duk aikin da OK take yi "to" tana yin sa, har da ƙari. Akwai "to" ta amincewa, akwai ta "na ji amma ban yarda ba", akwai wadda ake ja idan an ga abin mamaki, akwai ta gargaɗi da uwa take yi wa yaro kafin ta ɗauko tsumagiya. Ga "shi ke nan", ga "ba laifi", ga "madalla". Shi ya sa "oke" ba ta kori kowa ba a Hausa. Ta samu wuri ne a gefe, musamman a waya da ofis da kasuwa, inda ake son a datse magana a wuce. Amma yaro mai tarbiyya har yanzu "to, Baba" yake cewa. Wanda ya amsa wa mahaifinsa da "oke" tsurarta zai ga kallo.

Ta yi tafiye-tafiyen da Greene bai taɓa mafarkinsu ba. Ranar 20 ga Yuli, 1969, da kumbon Apollo 11 ya sauka a duniyar wata, tana cikin kalmomin farko da Buzz Aldrin ya furta yana tabbatar da cewa inji ya tsaya. Ta shiga kwamfuta ma ta wata hanya mai ban dariya. Ma'aikatan Apple da suka ƙera kwamfutar Lisa a farkon shekarun 1980 sun ba da labarin cewa da farko "Do It" suka rubuta a maɓallin amincewa, wato "aikata". Da ake gwaji sai wani ya ƙi danna shi, ya fusata, don ya karanta shi a haɗe ya ga "Dolt", a zatonsa na'urar zagin sa take yi. Ma'anar "dolt" dolo ce, kuma kada wani ya tashi gobe ya ce daga Hausa aka are ta. Sai suka canza zuwa OK. Yau ma duk sanda shafin intanet ya buɗe maka lafiya, akwai wani saƙo da na'urori suke yi wa juna a ɓoye wanda ba ka gani: 200 OK.

Yayin da ya haife ta bai mutu ba, wuri ya canza. Duba wayar kowane saurayi ko budurwa a Zariya ko Maraɗi: "slm", "ykk", "lfy lau", "ngd", "gsky", "wlh", da q a madadin ƙ. Iyaye da malamai suna kuka cewa yara sun lalata rubutu, kuma suna da gaskiya idan abin ya tsallaka cikin takardar jarrabawa. Amma wasa da harshe ba baƙonmu ba ne, mu da muke da zaurance tun kafin zuwan waya. Mafi yawan waɗannan gajerun kalmomi za su bi K.Y. da O.W. kabari. Wata ɗaya ko biyu na iya tsira, kuma ba wanda zai iya cewa ga ta tun yanzu.

Read ya iya gano ranar haihuwar OK ne saboda wani ya adana jaridar 1839 har ta kai hannunsa bayan shekara fiye da 120. Tamu jaridar, Gaskiya Ta Fi Kwabo, a Janairun 1939 ta fara fita a Zariya, kusan shekara ɗari bayan waccan, kuma a cikin shafukanta akwai farkon bayyanar kalmomi da yawa da muke amfani da su yau kamar da su aka halicce mu. Ya kamata sassan nazarin Hausa na Jami'ar Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Danfodiyo da Abdou Moumouni ta Yamai su haɗa kai a ɗauki hoton tsofaffin jaridunmu kaf a sa su inda ɗalibi zai iya bincika, sannan su sa ɗalibansu su fara tattara Hausar waya ta yau, kowace kalma da ranar da aka fara ganin ta.